Rufin Ɗakin Gwaggo

A gidanmu na unguwar Coal Camp a Enugu akwai wata matakala da ba ta kai mutum ko'ina. Hawa goma sha huɗu ce, ta jan bulo, manne da bangon tsakar gida, in ka kai ƙarshenta sai kanka ya gaisa da kwanon rufi. Muna yara a kanta muke cin abinci, kowa da hawansa gwargwadon shekarunsa, manya a sama, ƙanana a ƙasa inda miya ke ɗigowa. Babu wanda ya taɓa tambayar dalilin gina ta. Ni ma sai da na shekara talatin da 'yan kai ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantar sakandare, na yi ritaya, hannuna ya rasa allin da zai riƙe, sannan tambayar ta zo ta zauna mini a ka.

Kakanmu na wajen uba Balaraben Gadamus ne, wani gari a can tsakiyar hamada. Ya zo Kano yana matashi cikin ayarin raƙuma, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ke shirin raba raƙuma da sana'arsu. Da ya ga haka bai tsaya gardama da zamani ba, ya bi layin dogon har Enugu, inda masu haƙar kwal ke buƙatar yadi da turare da duwatsun ado. Ya auri Bahausa, ya gina gidan nan, ya mutu ban san shi ba. Abin da ya bar mana na Larabci bai taka kara ya karya ba: ƙananan kofunan shayi guda biyar, da wata darduma da asu ya gama karantawa, da dogon hanci wanda aka raba wa jikoki ba bisa adalci ba. Ni ban samu ko ƙwaya ba.

Sai na rama da karatu. Duk littafin da ya ambaci Gadamus na nemo shi. Na karanta cewa gidajen garin farare ne tas, a manne da juna, lungunan a rufe kamar ramin gara saboda rana. Maza na tafiya ta ƙasa cikin inuwa, mata kuwa garinsu yana sama: rufin wannan gida ya haɗe da na wancan, mace za ta tashi daga wannan gefen gari ta je barka a wancan ba tare da ƙafarta ta taɓa ƙasa ba. Har kasuwa suke ci a can. Ranar da na karanta wannan na ajiye littafin, na fita tsakar gida na tsaya gaban matakalar kamar yau na fara ganinta. Ashe hanya ce. Kakana ya gina wa matan gidansa hanyar hawa sama, wani ya zo daga baya ya toshe ta da kwano.

Daga ranar na shiga mafarki ido biyu. In ina zaune a zaure sai in ga gidan ya yi fari, an cire masa wannan tsatsar da ya ɗora a ka, zankaye sun tsaya a kusurwoyinsa huɗu. In ga mata cikin farin lulluɓi suna wucewa a samanmu ɗauke da kwandunan dabino, suna tsallake tankunan ruwa da wayoyin lantarki na Coal Camp, ba sa ko kallon ƙasa. Gidan kuwa dama yana neman gyara. Bango ya tsage, daɓe ya farfashe. Lokacin yaƙin basasa mun gudu Kano ina goye, wani maƙwabcinmu Ibo ya riƙe mana shi har muka dawo, kuma tun faci-facin da aka yi a lokacin ba a sake yi masa wani abin kirki ba. 'Yan'uwa suka ce tunda ni ne ba ni da aikin yi, in tsaya a kai.

Mutum ɗaya ce ta rage tana kwana a cikinsa, gwaggona, autar kakan. Ta haura tamanin, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana jin Ibo fiye da matan da take sayen manja a wajensu a kasuwar Ogbete. Ɗakinta shi ne na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne ba shi da silin. Sau uku ana kawo kafinta, sau uku tana korarsa. Mun ɗauka rigimar tsufa ce.

Na je na durƙusa na gaishe ta, na shimfiɗa mata shirina kamar ina gaban 'yan aji shida. Har zane na yi. Ta riƙe takardar a juye ta daɗe tana kallo.

"Malam mai alli," ta ce, don haka take kirana in za ta rage mini tsawo, "a gyara bango, a gyara ƙasa. Kada a taɓa mini sama."

"Gwaggo, ai saman ne asalin. Yadda mahaifinki ya gina shi za a mayar."

"Kai ka san yadda ya gina shi?"

"Na karanta."

"To, madalla," ta ce, ta miƙo mini takardata.

Da ɗalibi ne ya ba ni amsa rabi irin wannan da na ce ya ƙarasa. Amma gwaggo ce, kuma na riga na ji abin da nake so in ji. Ban tambaye ta dalili ba.

Aka shirya za ta zauna wurin ɗanta a Fatakwal har a gama aiki. Ɗan nan nata taubashina ne, yana sayar da wake da albasa a kasuwar Mile 3, kuma ya shekara goma yana roƙonta ta koma wurinsa tana ƙi. Da ya zo ɗaukarta bakinsa har kunne.

"Bawana, na gode," ya ce mini. "Abin da na kasa da lallashi ka yi mini shi da tsinin biro. In ta shiga gidana ta sha iskar fanka, kai da ganinta sai a hoto."

"Wata uku ne, mai albasa. Ka dai wanke hannu kafin ka ba ta abinci."

Na yi dariya, amma maganarsa ta tsaya mini. Gwaggo ita kaɗai ta rage a duniya cikin waɗanda suka ji muryar kakan da kunnensu. In ba ta cikin gidan, to bulo na gyara.

Birkilan da na samu dattijo ne, Ibo, ya tashi a Jos, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ranar da aka fara kwance rufin ya ƙwanƙwasa falle ɗaya da bayan yatsa, ya saurara.

"Malam, wannan kwanon ya girme ni. Yanzu ba a yin irinsa. Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Da aka yaye sai ga guntayen azara a saman bango, baƙaƙe, a jere, shaidar cewa gidan ya taɓa zama soro mai shimfiɗaɗɗen rufi. Na yi ta nuna wa leburori kamar wanda ya tono kabarin wani sarki. Su dai suka ce sannu, suka ci gaba da aikinsu. Tsohon kwanon kuma wani ɗan gwangwan ya zo da kura ya kwashe, na ma yi masa godiya da ya rage mini tarkace.

Aka zuba dekin, wato rufin kankare, tun da ƙasa da azara ba za su yi ba a garin da ruwa ke sauka kamar da gayya. Aka shafe gidan da farar ƙasa, aka tsayar da zankaye. Ranar da aka cire katakan da suka tallafe dekin na taka matakalar nan, ɗaya, biyu, har sha huɗu, na sunkuyar da kai bisa sabo, sai na ji babu abin da ya taɓa ni. Na fito sarari. Ga tuddan Enugu kore shar sun kewaye gari, ga tsohon layin dogo ya miƙe cikin ciyawa, ga hasumiyar coci da ta masallaci, ga shirwa biyu suna shawagi a kan mayanka. Na lumshe ido, iska ta taso, na ji kamar rairayi ne ke zuba a bayan kunnena, kamar in na miƙa ƙafa zan taka rufin maƙwabta in yi ta tafiya har inda dabino yake. Na daɗe a wurin. Sai da birkila ya ɗaga murya ya ce simintin gefen bai gama bushewa ba.

Gwaggo ta dawo a farkon damina, da hantsi. Taubashina ya kawo ta a mota, kayanta a baya. Ta zagaya gidan da sandarta, ta shafa bango, ta ce Allah ya yi albarka. Ta shiga ɗakinta ta ɗaga kai ta dubi farin silin mai santsi. Ta ce a bar kayan a mota tukuna, za ta ɗan kishingiɗa.

Bayan azahar hadari ya haɗo ta gabas. Ruwa ya kece. Ina zaune a zaure ina jin daɗin yadda ko ɗigo bai shigo ba, gidan shiru kamar ɗakin jarrabawa. Can sai ga ta a bakin ƙofarta, ba ɗankwali, tana kallon ruwan da ke dukan tsakar gida.

"Yaushe aka fara?"

"An kai rabin awa, gwaggo."

"Rabin awa ana ruwa ina kwance ban sani ba."

Ta zauna a kan dokin ƙofa. Ni da taubashina muka matso muka tsuguna. Ba ta dube mu ba, ruwan take kallo.

"Soron da kake ta murna ka gano, damina ɗaya ya yi. Babata ta ba ni labari. Kakanka ya gina shi irin na garinsu, mutanen nan suna ta ba shi baki, ya ƙi ji, don taurin kai a gidan nan ba a kanka aka fara ba. Ruwa ya jiƙa ƙasar, wata rana da rana tsaka rufin ya zauna a kan dilolin yadinsa. Allah ya sa ba kowa a ciki. Shi da kansa ya je ya sayo kwano, shi ya miƙa wa kafinta ƙusa."

Ta gyara zama.

"Ranar da aka fara ruwa a kan kwanon, suka neme shi suka rasa. Ashe yana ɗakin nan a zaune, ya ɗaga kai, hawaye na bin gemunsa. Ya ce a garinsu ruwa awo ake yi, akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya zauna a bakin idon ruwa da ƙwarya mai huji yana ƙirga wa kowace gona rabonta. Ya ce yaro zai iya yin gemu bai ji abin da ya ji yau ba. Tun daga nan, da hadari ya taso zai rufe kanti, ko da mai saye a tsaye. Ya zo nan ya zauna. Da na zo duniya ni yake ɗorawa a cinya. Ba a magana, ba a motsi."

"Shi ya sa kika hana a sa silin," in ji ɗanta.

"Bari in gama, kai ma ba ka sani ba. Bai taɓa yi mana Larabci ba, ko kalma. Ya ce me za mu yi da shi a nan. Amma in ruwa ya yi ƙarfi, kwano ya ɗauki ƙara, sai ya fara magana da harshensu, a hankali, yana zaton ba mai ji. Ni kuwa kunnena na kan ƙirjinsa. Ban san me yake cewa ba har yau. Ko da uwarsa yake, ko da Ubangijinsa. Amma na san tashin maganar da saukarta. Bayan ya rasu, damina ta farko, ina kwance a nan aka fara ruwa, sai na ji shi. Kowace shekara yana zuwa. Shekara saba'in."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni.

"Kai kuma ka zo da karatunka ka cika masa baki da siminti."

An ce ilimi gishirin zaman duniya ne. Ranar na gane ana iya cika shi a miya har ta ƙi ciwuwa. Washegari da safe ta shiga mota, kayanta dama ba a sauke ba. Taubashina bai yi mini ba'a ko ɗaya ba, abin da ya fi ba'ar ciwo.

Dabarar farko da na yi ta malamin makaranta ce, wato in gyara kuskure ba tare da na goge allo ba. Na sa aka kafa rumfar sabon kwano a kan dekin, daidai saman ɗakinta. Aka yi ruwa, na shiga ɗakin na kasa kunne, sai wani ɗan gunaguni can nesa kamar ana biki a wata unguwa. Duk da haka da aka sake yin wani ruwan da la'asar na hau sama, na tsaya ƙarƙashin rumfar, na kira wayar ɗanta na ce a ba ta.

"Gwaggo, saurari ɗakinki."

Na ɗaga wayar sama. Na bar ta ta ji kamar minti guda.

"Malam mai alli."

"Na'am, gwaggo."

"Daga ɗakina ba a jin hon ɗin keke mai ƙafa uku. Sauko kada sanyi ya kama ka. Kuma wannan abin da ke ƙara ba kwano ba ne, faranti ne."

Na sauko. Washegari na tafi neman ɗan gwangwan. Na same shi a wani fili bayan kasuwa, cikin tulin ƙarafa. Ya ce irin wannan kwano mai kauri ba a kai shi narkarwa, masu neman abin da zai daɗe ne ke ɗauka. Rabi ya watse a gari, sauran wani mai sayar da raguna ya loda su zuwa Onitsha.

Na bi su. A cikin mota na yi ta tunanin kakan, wanda ya ƙetare hamada a kan raƙumi, ga jikansa yana ƙetare ramukan titi yana bin sawun tsatsa. Na sami mutumin a unguwar Hausawa kusa da bakin gadar kogi, Basakkwace mai furfura, ya rufe garken ragunansa da rufin gidanmu. Na gane shi tun daga nesa, da jan fentin da babana ya taɓa shafa masa. Bayan mun gaisa, gaisuwa mai tsawo har da tambayar mutanen da bai sani ba, na ce ina so in ba shi sabon kwano ya ba ni wannan.

Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Alhaji, wani abu aka binne a ciki?"

"Murya," na ce, don na gaji da ƙarya.

Ban san me ya fahimta ba. Ya dai ce shi ma tun da ya zo kudu bai saba da ruwan nan ba, wani lokaci yakan tsaya kawai yana kallo. Ya sa aka kwance. Da muka ware masu huji da waɗanda suka ruɓe, falle goma sha ɗaya suka rage. Ɗakin gwaggo sha biyu yake ci.

Birkila ya saurare ni har na gama, ya cire hularsa ya sosa kai.

"Malam, ka ce in zuba, na zuba. Yanzu in fasa. A makarantarku haka kuke yi?"

"Kullum," na ce. "Sunansa gyara."

Kwana shida ana sara da guduma da kurfi, ana yanka rodi. Aka buɗe saman ɗakin ƙarshe, aka kafa katako, aka jera tsofaffin fallayen. Na sha biyun sabo ne, mafi kauri da aka samu a kasuwa, aka sa shi a kusurwar da ke bayan ƙofa. Sauran dekin yana nan, fari, da zankayensa uku.

Ban kira ta a waya ba wannan karon. Na je Fatakwal da kaina, na durƙusa, na ce na yi kuskure, kuma na gyara iyakar abin da zan iya. Taubashina yana gefe yana ɓare gyaɗa.

"Kada ki yarda, inna. Wannan in kika koma sai ya ce asalinmu a tanti muke kwana."

Ta ce za ta zo ta ji. Ba ta ce za ta zauna ba.

Damina ta kusa ƙarewa a lokacin. Suka iso ranar Laraba, kaya a mota, ta ce kada a taɓa su. Laraba ba a yi ruwa ba. Alhamis sama ta yi tas kamar an share. Taubashina ya fara maganar kasuwarsa da albasar da ke jiransa, ya ce gobe bayan Juma'a za su juya. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara yadda hadari ke haɗuwa, na koma ina leƙen sama kamar manomin da ya yi shuka a makare.

Mun dawo daga masallaci ke nan iska ta juya. Wani baƙin girgije ya taso daga bayan tuddai, a hankali, kamar ba garinmu zai zo ba. Gwaggo na zaune a bakin gadonta, hannuwa a cinya. Muka tsaya daga bakin ƙofa. Ɗigon farko ya faɗi, tal, sannan wani can gefe, sannan suka yi yawa har ba a ƙirgawa. Ƙarar ta cika ɗakin, mai zurfi, tana tashi tana sauka yadda iska ta kaɗa ta. Ta rufe ido. Na ga kanta ya ɗan karkata gefe guda, kamar mai jingina da wani abu. Na kasa kunne iyakar iyawata, ni dai ruwa na ji.

Aka daɗe. Da ya fara tsagaitawa ta buɗe ido, ta ɗaga sandarta ta nuna kusurwar bayan ƙofa ba tare da ta duba ba.

"Wancan ba namu ba ne."

"Sabo ne, gwaggo. Sha ɗaya na samu. In kin ce a cire, gobe zan koma nema."

Ta ƙara saurarawa, goshinta a tattare.

"Bar shi. Muryarsa ce ba ta buɗe ba tukuna, zai koya."

Sannan ta dubi ɗanta.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona. Shigo mini da kayana kafin su jiƙe."